Sa AC da hita a tsohuwar jif: amsoshin tambayoyinku

Daga Maris zuwa faɗuwar damina, lokacin da zafin rana a Bauchi da Gombe kan taɓa digiri 40, tambayoyin AC ne ke cika mana akwati. Da hunturu kuma sai a koma kan hita. Wannan karon mun haɗa su wuri ɗaya, domin duka biyun sun dogara ne kan lafiyar ruwan inji.

Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 60 mai injin dizal, ba ta zo da AC ba. Da ita nake zuwa gona wajen Alkaleri. Wani mai gyara ya ce cikin kwana biyu zai haɗa mini da kayan Beljiyam. In ba shi? Daga wani Alhaji a Bauchi.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ana sawa, kuma tana sanyi sosai idan an bi ƙa'ida. Amma kada a fara da AC, a fara da lagireto. Kwandansa, wato lagireton gas ɗin AC, a gaban lagireto ake ɗaura ta, duk zafin da aka kwaso daga cikin mota nan take zubar da shi, ga kwampireso, wato famfon da ke matse gas ɗin AC, na cin ƙarfin doki 3 zuwa 5 daga inji. Irin motarku tsakanin 1980 da 1990 aka ƙera ta. Idan yanzu ma allurar zafi tana ɗagawa in kun yi lodi da tsakar rana, ranar da aka kunna AC gaskit na iya ƙonewa. A buɗe lagireto a zure ramukansa, a sa sabon murfi, a gwada kulocin fanka: in inji ya yi zafi an kashe shi, aka juya fanka da hannu tana ta walawa babu nauyi, kulocin ya mutu. Murfin da ke zagaye fanka, wanda ake yawan cirewa a jefar, a nemo shi a mayar. Shi ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto.

Sai kaya. A nan ne kuɗi ke salwanta, don haka za mu ɗan tsaya.

Kwampireso na Beljiyam yana iya yi, da sharaɗin an same shi bakinsa a toshe, an tsiyaye mansa an ga garau. Man da ya yi baƙi ko yake ƙyalli da garin ƙarfe, a ajiye musu kayansu. Wanda aka fi sawa a irin wannan aiki shi ne Sanden 508, don kayan gyaransa ba su da wuyar samu, sai dai jabunsa ya cika kasuwa. Kafin a saya a duba wutar motar. Wasu Land Cruiser masu dizal bolt 24 ne, batir biyu a jone. In aka sa musu kulocin kwampireso ko fankar bolt 12, nan take suke ƙonewa.

Kwandansa da diraya, wato gwangwanin da ke tace gas yana tsotse danshi, sababbi za a saya, babu ciniki a kan wannan. A nemi kwandansar aluminiyam ta zamani mai siraran hanyoyi a jere, mafi girman da gaban motar zai ɗauka. Ta hannu ba ta wankuwa, ramukanta sun yi ƙanana, duk dattin tsohon kwampireso yana ciki yana jira. A bar tazarar kamar yatsa tsakaninta da lagireto, a toshe gefe da soso, a ƙara fankar lantarki a gaba saboda tsayuwa a cunkoson Wunti ko tafiyar giya ɗaya a hanyar gona. Diraya kuma da zarar ta sha iska ta gama amfani.

Birakit ɗin kwampireso, a samo na asali daga irin injin, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna. In ba a samu ba, mai walda ya yi da ƙarfe mai kaurin milimita 8, domin dizal yana da jijjiga, siririn ƙarfe tsagewa yake yi. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyun a tabbatar sun daidaita. Kaucewar milimita biyu ta isa ta riƙa cin bel.

A ciki za a rataya akwatin sanyi, wanda ke hura iska mai sanyi, a ƙarƙashin dashbod, tiyon zubar ruwansa ya fita ta ƙasan mota ba tare da lanƙwasa ba. Tiyoyin gas a matse bakinsu da inji, kada a yarda da kilif na tiyon ruwa. A sa makunnin matsi wanda ke yanke kwampireso in gas ya ƙare ko matsi ya haura, kuma a gyara silo ya riƙa ɗagawa zuwa wajen juyi 900 a minti in an kunna AC.

Kwana biyu ba ƙarya ba ne, amma ku ƙara masa kwana ɗaya. A dura naitirojin kamar psi 150 a bar shi ya kwana. In da safe allura ba ta sauka ba, sannan a sa gas.

Pajero ce da ni ƙirar 1990, ta zo da AC amma ya shekara biyar ba ya aiki. An ce in ƙara gas kawai. Daga wani malamin makaranta a Kaltungo.

Malam, kada ka ƙara. Motar 1990 da gas ɗin R12 ta fito, wanda aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Kamfanonin mota sun koma R134a ne a farkon shekarun 1990. Matsalar tana wajen mai: man R12 ba ya gauraya da R134a, sai ya kwanta wuri ɗaya, kwampireso ya yi ta gudu a bushe har ya cije. Kuma gas ba ya ƙarewa haka kawai. In babu shi, akwai inda ya fita.

Ga yadda aikin yake. A kwance tiyoyi a wanke su da akwatin sanyi, a tsiyaye tsohon mai, a zuba man PAG ko na esta daidai awon da kwampireso ke ɗauka. A canza duk robobin mahaɗa zuwa koraye, a sa sabuwar diraya da sabon bawul mai sakin gas cikin akwatin sanyi. A ja iska da famfo minti 30 zuwa 45, domin danshin da aka bari shi ke daskarewa a bakin bawul, ka ji sanyi na zuwa yana ɗaukewa. Sannan a sa gas a kan sikeli, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyin R12 da aka rubuta a takardar da ke ƙarƙashin bonet. Yawan gas ba ya ƙara sanyi, matsi yake ƙarawa. Da rana mai zafi, inji na juyi 1,500 a minti, gejin ƙaramin matsi ya zauna tsakanin psi 30 da 40, na babban matsi tsakanin 200 da 260. In babban ya haura 300, ko gas ya yi yawa ko iska ba ta ratsa kwandansa.

Ka tsaya a wajen ka ga tukunyar gas ɗin da idonka. Gas ɗin firiji R600a yana kama wuta, R22 kuma matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Dukansu ana dura wa mutane saboda araha.

An sa wa Hilux ɗina AC, yanzu fitila na dushewa da dare, batir kuma yana kwana babu wuta. Daga Bajoga.

Ɗan'uwa, lissafi ne. Fankar ciki na cin amfiya 15 zuwa 20, ta gaban kwandansa wajen 10, kuloci 3 zuwa 4. Altanetar tsofaffin motocin nan da yawa ba ta wuce amfiya 55 ba. Ka nemi mai 80 ko sama. Ka kula sosai: a injinan dizal na Toyota da ake kira 2L da 3L, famfon da ke ba birki ƙarfi a bayan altaneta yake, saboda haka wadda za a sauya dole ta zo da nata. Kowace fanka a ba ta rile, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta, da fis nata. Mutuwar batir cikin dare kuma yawanci daga jona rile kai tsaye da batir ne maimakon ta makulli, a sa mai waya ya duba wannan tukuna.

Direba ne ni, ina bin hanyar Jos da asuba, wani lokaci har Gembu. Hitar motar an yanke ta tun kafin ta zo hannuna. Ana iya dawo da ita?

Ana iya, kuma ta fi AC sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Hita ƙaramin lagireto ce a bayan dashbod, ruwan inji mai zafi ke ratsa ta ta tiyo biyu, galibi masu faɗin milimita 16. Yawanci yoyo ke sa a yanke ta, don haka kada ka jona kafin a gwada. A toshe baki ɗaya, a ba ta matsin da bai wuce na murfin lagireto ba, kamar psi 13, a ga ko za ta riƙe. In ta riƙe, a wanke ta da ruwa ta bakin fita har ya fito fari. In ta fashe, ko a kwance dashbod a canza, ko a sa ƙaramar hita mai fankarta a ƙarƙashin kujera. A sa bawul a tiyon shiga don rufewa da bazara.

Abin da zai hana ta ɗumi shi ne rashin tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga shiga lagireto har inji ya yi zafi. Makanikai da yawa suna cire shi da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Ba mu yarda da wannan ba. Inji an yi shi ne ya yi aiki a zafin da ya haura digiri 80, in babu tamostat da sanyin Janairu a gangaren Toro ba zai kai ba, ga shan mai, ga cin zobe. A mayar da mai buɗewa a digiri 82, a zuba kulan, wato ruwan lagireto na musamman, maimakon ruwan rijiya mai kawo tsatsa, a bar murfi a buɗe inji na aiki, hita a kunne, har kumfa ya daina fitowa.

Don Allah kada sanyi ya sa kowa ya shiga da kaskon gawayi cikin mota. Iskarsa ba ta da wari, barci take sawa, kuma tana kisa.

AC ɗinmu yana sanyi a gaba, amma yara a kujerar baya suna gumi. Daga wata Hajiya a Gombe.

Hajiya, kafin a kashe kuɗin akwatin sanyi na biyu, a tare zafin da ke shigowa. A ɗaga kafet a shimfiɗa soso mai fuskar aluminiyam a ƙasa, musamman saman giya da salansa, a sa irinsa a cikin rufi, a canza robobin ƙofa da suka bushe. In har yanzu bai isa ba, a ƙara akwati a baya da bawul ɗinsa, a ƙara gas da mai gwargwadon tsawon tiyo, kuma a tabbatar kwandansa za ta ɗauki nauyin biyun. Bayan kowane hunturu a wanke ƙurar da ta toshe kwandansar da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba.