Ango, ka kwana a tsohon garin Zanzibar ko da dare biyu ne

Assalamu alaikum. Ango, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Tun jiya na ga tambayarka, cewa za ku je tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya kai da amarya na kwana shida, kamfanin tafiyar ya kama muku otal a bakin teku a Nungwi, can arewacin tsibirin, ya kuma sa muku zagayen tsohon gari na awa uku a ranar dawowa, kana tambaya ko awa ukun sun isa ko ma a soke shi. Na ga wasu sun ce maka tsofaffin gine-gine ne kawai, ka yi zamanka a bakin ruwa. Ni sau biyu na je, na farko irin naku na awa uku, na biyu kuwa kwana uku muka yi a ciki da uwargida, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

A zuwan farko mota ta sauke mu wajen ƙarfe sha ɗaya, rana ta take, ga zafin bakin teku mai sa riga ta manne a jiki. Jagora ya sa mu a gaba kamar garken awaki, ga wannan ƙofa ku ɗauki hoto, ga gidan sarki, ga shagon tsaraba, ku hau mota. Na koma otal ina cewa ashe wannan ne abin da ake ta zuzutawa. Sai a zuwa na biyu na gane laifin ba na garin ba ne, a lokacin da yake barci aka kai mu. Mji Mkongwe, wato tsohon gari da harshen Suwahili, wanda Turawa ke kira Stone Town, gari ne na Musulmi da ke tafiya da lokutan salla. Hada-hadarsa daga asuba ce zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa bayan isha'i. Tsakanin nan kowa ya shige inuwa, sai baƙi da masu sayar musu da kaya. Daga Nungwi kuwa tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, ka ga duk wanda ya taso daga can, a wannan tsakiyar ranar zai iso.

In ka taɓa yawo a cikin birnin Kano ko Zariya, lungunan ba za su zame maka baƙo ba, sai dai su nasu benaye ne, hawa biyu hawa uku, sun tsaya gab da juna har wani wurin sama kamar zare kake hango ta. Mota ba ta shiga, sai keke da babur, su ma da ƙararrawa da hon suke neman hanya. Da dutsen murjani na cikin teku da farar ƙasa aka gina gidajen, aka yi rufi da sandunan wata bishiya da ke fitowa a bakin ruwa, su suna ce musu boriti, kamar dai azararmu. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa za ka ga ɗakunan dogaye ne sirara. Abin da ya fi kama ni shi ne dakali. Kusan kowace ƙofar gida da dakalinta, suna kiransa baraza, a kai dattawa ke zama bayan la'asar, a kai ake karɓar baƙon da ba za a shiga da shi cikin gida ba. Na zauna a kan wani ina hutawa, mai gidan ya fito, na miƙe da sauri ina ba da haƙuri, ya yi dariya ya ce "karibu", wato maraba, ya zauna kusa da ni.

Za ka ɓace, wannan ba makawa, taswirar waya ma rikicewa take yi a ciki. Kada abin ya dame ka. Wurin ƙarami ne, in ka miƙe ko dai ka ɓulla bakin teku, ko ka ɓulla babban titin da ya yi masa iyaka ta gabas. Titin nan da can mashigar ruwa ce aka cike ta, shi ya sa kasuwar da ke bakinsa ake ce mata Darajani, wato wajen gada, unguwannin da ke tsallake kuma Ng'ambo, wato ƙetare.

Ka yi ƙoƙari ka samu asuba a jam'i. Duk inda ka sauka akwai masallaci kusa, ba ka buƙatar agogo, kiran salla ta kowane ɓangare yake shigowa. Mafi yawansu Shafi'awa ne, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla, a raka'a ta biyu kuma bayan an ɗago daga ruku'u ya yi ƙunutu a bayyane ana amsawa da amin. Ranar farko har na sunkuya zan tafi sujada, na ga kowa a tsaye ya ɗaga hannu. Akwai kuma masallatan Ibadawa, mazhabar mutanen Oman da suka mulki wurin, da na 'yan Shi'a 'yan asalin Indiya, ga coci biyu manya, ga wurin bautar Hindu, duk a tazarar da ba ta wuce 'yan mintuna a ƙafa ba. Daga masallaci ka tambayi Jaws Corner, wata 'yar mahaɗar lunguna ce inda maza ke taruwa shan gahawa baƙa a ƙananan kofuna, ana haɗawa da kashata, wani abu mai kama da kantun gyaɗa ko alawar kwakwa. Siyasa ake yi da ƙwallo, kamar teburin mai shayi. Ba ka jin yaren amma kunnenka zai riƙa kama kalmomi: habari labari ne, asubuhi safiya, Alhamisi da Ijumaa sunansu ke nan, in kuma an zo ciniki ka ji ishirini, thelathini, hamsini, sitini. Daga Larabci muka aro, mu da su.

Ƙofofin da ake ta ɗauka a hoto sun cancanci a tsaya a kansu, amma ka san me kake kallo. Masu kusurwa huɗu, da ayar Alƙur'ani ko sunan mai gida a sassaƙe a sama, salon Larabawa ne. Masu baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla salon Indiya ne. Jagorori za su gaya maka a Indiya don kare ƙofa daga giwa ake sa ƙusoshin, a nan kuwa nuna arziki ne kawai. Attajirin da ya tara dukiya da kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi, a ƙofarsa yake fara sanar da mutane.

Shi tarihin a bakin teku yake jere, awa ɗaya ta isa. Akwai tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, wadda Omanawa suka gina wajen 1700 bayan sun kori Turawan Fotugal. Daga baya Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ga tsibirin ya fi babban birninsa Maskat albarka, ya dawo da fadarsa nan a 1840. Kusa da ganuwar akwai Baitul Aja'ib, wato gidan abubuwan al'ajabi, da ɗansa Sarki Bargash ya gina a 1883, gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, ni a kewaye na same shi ana gyara, daga waje kawai na kalla. A wannan bakin ruwan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada luguden wuta ranar 27 ga Agustan 1896, saboda Khalid ɗan Bargash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba. Ko minti 45 ba a yi ba aka gama, shi ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi. Ka ƙarasa gaba kaɗan wajen tashar jirgin ruwa ka ga tsohon ɗakin shan magani da wani attajiri Ba'indiye, Tharia Topan, ya fara ginawa a 1887, barandarsa ta katako kamar an yi mata ɗinkin aska takwas.

Inda nake so ka ba lokaci shi ne Mkunazini, inda kasuwar bayi take a da. A 1873 Ingila ta matsa wa Bargash ya rufe ta, a shekarar kuma aka fara gina cocin Angilikan a filin. Kada kasancewarsa coci ya hana ka shiga harabar. Akwai ɗakin baje tarihi da ke nuna yadda ake koro mutane daga can cikin ƙasa, daga yankin manyan tafkuna har gabashin Kwango, a ɗora musu hauren giwa a ka, a iso da su bakin teku a sayar da kayan da mai ɗaukar kayan. A waje akwai wani rami da mutum-mutumi biyar a tsaye, an haɗa wuyansu da sarƙa. Uwargida ta daɗe a wurin ba ta ce komai ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu wannan ciniki ba wasu baƙin arna ba ne, masu salla ne, kamar Tippu Tip da gidansa ke nan a unguwar Shangani, ya rasu a 1905. Mu ma kuma in za mu faɗi gaskiya, an sayar da mutane a Kasuwar Kurmi, sai dai ba mu cika son tuna wannan ba. Wani zancen da za ka taka a hankali shi ne juyin juya halin 12 ga Janairun 1964, da aka kifar da Sarki Jamshid, aka kashe Larabawa da Indiyawa da yawa, wasu suka gudu, bayan wata uku tsibirin ya haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Har yau akwai gidajen da abin ya shafa ta kowane ɓangare. In dattijo ya ɗauko zancen ka saurara, kai dai kada ka ɗauko.

Kasuwar Darajani da safe ake zuwa. Ɓangaren kifi akwai ƙarni, in amarya ba ta jure wa ku zarce wajen kayan ƙamshi, kanumfari da kirfa da citta da masoro, ku sayi tsarabarku a nan, ya fi na shagunan baƙi araha. Da magariba kuma sai lambun Forodhani, inda yara ke tsalle suna faɗawa teku, masu abinci suna jera tebura da fitilu. Ku sha ruwan rake da ake matsewa da citta da lemon tsami, ku ci urojo, wani romo ne mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, da mishkaki, tsirensu ke nan amma babu ƙuli. Kayan tekun da aka jibge a tebur kuwa ni ban yarda da su ba, ba ka san tun yaushe suke nan ba. Ka zaɓi abin da za a gasa a gabanka, kuma ka tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta.

Akwai matasa da za su manne maka, wannan zai nuna maka otal, wancan jirgin ruwa. Mutanen garin da kansu papasi suke ce musu, wato kaska. Sallama da "hapana, asante", wato a'a, na gode, cikin fara'a sun wadatar. In kana son jagora, ka sa masaukinka ya nemo maka mai lasisi, ku yi awa biyu ranar farko, sauran ku yi da ƙafarku.

Ga wani abu da ya ci ni. Mun shirya da mai kwalekwale zai kai mu tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, ya ce "saa mbili", ya ɗaga yatsa biyu. Na ce to, ƙarfe biyu. Muka yi azahar muka iso, mutumin ya ce tun safe ya jira mu ya gaji. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗaya, "saa mbili" ƙarfe takwas ke nan. Duk wanda ya ba ka lokaci, ka nuna masa a fuskar waya ku tabbatar.

Batun sutura ba matsalarmu ba ce, yadda amarya ke fita a gida haka za ta fita a can, matan garin ma da baƙar abaya suke, buibui. Sai dai a nemi izini kafin a ɗauki mutum hoto. Ku tafi da katin rigakafin shawara, ku gama maganar biza tun kuna gida, akwai kuma inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin tsibirin ta sa wa kowane baƙo tun Oktoban 2024. In tafiyar ta faɗo tsakanin ƙarshen Maris da Mayu, damina ce sosai, ku riƙe lema.

Don haka ka kira kamfanin ka ce a cire dare biyu daga Nungwi a mayar cikin tsohon gari, kuma a sa su a farko, tunda filin jirgin sama bai fi minti ashirin daga nan ba. In suna kama ɗakin ka ce su tambaya hawa na nawa ne. Mu a na uku aka sa mu, babu na'urar hawa, matakalar katako mai tsayi, ga tasi ta sauke mu a bakin titi sai da wani yaro ya turo mana akwatuna a baro. Ka ce wa amarya ta rage kaya, ko ku zuba na kwana biyun a ƙaramar jaka daban.