Na sauya injin Hilux, giya ta ƙi shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Na cire injin 3L a Hilux ɗina mai shiga ƙauyukan Birnin Gwari, na sa 5L da na saya a Panteka. Injin yana tashi lafiya, amma ko na taka kuloci har ƙasa giya sai ta yi gurnani, musamman ribas. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Kawo, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kulocin ba ya sakin giya gaba ɗaya. Kafin a sauke komai, a cire iskar layin man kuloci: mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗe nonon fitar da iska na silindar kuloci ta ƙasa, wadda ke jikin giyabos, har man birki DOT 3 ya fito babu kumfa. Sannan a saita sandar masta, wato silinda ta sama da feda ke turawa, fedar ta samu wasa na milimita 5 zuwa 15.

Idan gurnanin bai daina ba, sai a sauke giyabos. A fara duba ƙaramin boris da ke tsakiyar bayan karanshaf, wato babbar sandar da inji ke juyawa. Injin da ya daɗe a ajiye borisinsa kan ƙafe, ya riƙe sandar giyabos tana juyawa ko an taka kuloci. A sa sabo, kuɗinsa kaɗan ne. A tabbatar ba a juya farantin kuloci ba: gefen da cibiyarsa ta fi fitowa giyabos yake kallo. A daidaita shi da tsohuwar sandar giyabos, a ɗaure kusoshin murfin kuloci kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen. Kada a jawo giyabos da kusoshi idan ya ƙi zama, farantin zai lanƙwashe.