Zuwa ga 'yata, kan allurar ƙashin Hajiya

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, na karanta na yi murmushi, daga baya kuma hankalina ya tashi. Kin ce allurar ƙashin surukarki, Prolia, lokacinta zai faɗo tsakiyar azumi, yayan maigidanki kuma ya ce a bari sai bayan babbar sallah tunda kuɗi sun yi wuya, in ma an sayo a yi mata rabi a ajiye rabi, wai a al'adarmu ba a ɗura wa tsoho cikakken magani. Kina tambaya ko da gaske al'ada ce, kuma ko ya dace ke suruka ki sa baki a maganar da manyan gida suka yanke.

Al'adar kam akwai ta, kada ki ce ƙarya ya yi. Masu maganin gargajiya na zamaninmu ba sa auna wa tsoho da saurayi jiƙo da ludayi ɗaya. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce tsoho da jariri ma'auninsu ɗaya. Ko a asibiti haka ake yi da magunguna da yawa: maganin barci, maganin hawan jini, da allurai irin gentamicin da ake aunawa da nauyin jiki da ƙarfin ƙoda. Amma Inna ba ta san Prolia ba, don sai a 2010 aka fara ba da izinin amfani da ita, kuma ba a kan wannan ma'aunin aka gina ta ba. Miligiram 60 ce a cikin sirinji ɗaya da ya zo a cike, mililita 1, a ƙarƙashin fata, a damtse ko cinya ko ciki, duk wata 6. Mai shekara 55 da mai shekara 85, siririya da mai jiki, duk 60 ɗin ce. Sirinjin na amfani ɗaya ne, rabin da aka ce za a ajiye ba shi da tsabtar da za a sake sa wa mutum a jiki, rabin da aka yi mata kuma ba tabbas zai kai ta ƙarshen wata shidan.

Jinkirin ma ya fi rabawar ba ni tsoro. A cikin ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri biyu, masu cinye tsohon ƙashi da masu gina sabo. Idan mace ta daina haila, masu cin sukan fi masu ginin sauri, ƙashi ya zama kamar yana nan daga waje alhali ciki ya zaizaye. Prolia kamar mai gadi ne da aka ɗauka wata shida ya tsare gona daga awaki: ranar da ya tashi ba a kawo wani ba, awakin da suka daɗe da yunwa za su afka gaba ɗaya, su yi ɓarnar da ta fi ta da. Shi ya sa wanda ya daina ta haka kawai yakan rasa ƙarfin ƙashin da ya tara cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ƙasusuwan baya na iya karyewa da yawa a jere. An ga hakan tun daga wata na 7 bayan allurar ƙarshe. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce kada jinkiri ya wuce wata ɗaya. Ki lissafa daga tsakiyar azumi zuwa bayan layya, kusan wata uku ne, wato Hajiya za ta kai wata na tara ba ta da kariya.

Ku yaran yanzu ba ku ga abin da karayar baya ke yi wa tsohuwa ba, ko kun gani kun ce tsufa ne. Lokacin muna yara a Gangare, zamanin da aikin kuza ke ci, akwai wata dattijuwa a gidanmu, matar wan kakanmu, doguwa ce miƙaƙƙiya, ita ke tuyar ƙosai a ƙofar gida. Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos da ruwan randa ke ƙone hannu, ta sunkuya za ta sauke tukunyar ruwan wanka daga murhu. Ba ta faɗi ba, ba wanda ya ture ta. Sai kawai ta saki tukunyar, ruwan ya kashe wutar, hayaƙi da toka suka turnuƙe tsakar gida, ita kuma ta tsaya a sunkuye hannu ɗaya a kan gwiwa tana salati a hankali. Matan gida suka kama ta za su miƙar da ita, ta yi ƙarar da ba a taɓa jin ta yi ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a rana, aka aika a kirawo maɗori. Mutumin ya san aikinsa, shi ke ɗora 'yan kuza idan rami ya rufta musu. Ya sa aka kwantar da ita rub da ciki, ya bi gadon bayanta da babban yatsa gaɓa bayan gaɓa har ya zo inda ta zabura. Ya daɗe shiru, sannan ya ce wa maigidan, wannan ba karayar ɗori ba ce, ƙashin ne ya zauna a kan ɗan'uwansa, ba abin da zan kama in ja. Ya ba da man shafawa, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ta tashi bayan makonni, amma kafin damina ta sake yi, wannan karon atishawa ce kawai. Daga nan ta fara rankwafawa, zaninta da take ɗaurawa daidai idon sawu sai da ta riƙa naɗe shi, haƙarƙarinta ya sauko kusa da ƙugu har tuwo kaɗan ke cika mata ciki, salla ta koma yi a zaune. Mutane suka ce iska ce ta buge ta a bakin murhu. A lokacin ba gwaji, ba magani, ba wanda za a zarga. Yau akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi, DXA, wadda in ta nuna 2.5 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka ƙasa an san ciwon zaizayewar ƙashi ya kama, akwai kuma allura a hannu. Abin da ke ba ni takaici ke nan, a ce maganin da waccan baiwar Allah ba ta samu ba shi ake shawarar a tsinka biyu.

To abin da likita ke gyarawa a waɗannan allurai ba yawan abin da ke cikin sirinji ba ne. Yana duba ne ko a yi ko kada a yi, yaushe, kuma wace iri. Kafin kowace Prolia a auna sinadarin kalsiyam na jini, a duba ƙoda, in da hali har da bitamin D. Idan kalsiyam ya yi ƙasa ba a yin allurar sai an gyara shi, domin tana ƙara saukar da shi. Takardar maganin ta ce a riƙa samun kalsiyam miligiram 1000 da bitamin D aƙalla ma'auni 400 kullum. Kada ki ɗauka abincinmu ya wadatar. Binciken da aka yi a nan Jos aka buga a 1999 ya nuna yaran da ƙafafunsu ke gwamewa ƙarancin kalsiyam ne babbar matsalarsu, don tuwon masara ba ya ɗauke da shi sosai. Ki sa mata nono da kindirmo, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, ta kuma riƙa fitowa hantsi. Bayan allura, musamman makonni biyun farko, in ta ce leɓenta ko yatsunta na mata tsiki-tsiki, ko tsoka na ɗaurewa, a tafi asibiti a ranar. Mai ciwon ƙoda mai tsanani, balle wanda ake wa wankin ƙoda, shi ne ya fi shiga wannan haɗarin, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kai a Janairun 2024. Ko shi ma ba rage masa ake yi ba, ƙwararren likita ne ke yanke ko za a yi, a kuma bi shi da gwaji.

Haƙori ma a duba. In akwai wanda za a cire, likitan haƙori ya san tana kan wannan allura, saboda a wasu mutane kaɗan muƙamuƙi kan ƙi warkewa. Ciwon cinya ko makwankwaso da ya ƙi tafiya shi ma a faɗa, kada a tsaya shafa man zafi.

Batun azumi bai kai a ɗaga ba. Malamai da yawa sun tafi a kan allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, ku tambayi malaminku, in zuciya ba ta kwanta ba a yi bayan shan ruwa. Ajiya kuwa a firji, tsakanin 2 da 8 a ma'aunin sanyi, ba a wajen ƙanƙara ba, in ta daskare ta lalace. A fitar da ita minti 15 zuwa 30 kafin a yi, kada a girgiza, kada a ɗumama a ruwan zafi. Da yanayin wutarmu, gara a sayo ta kusa da ranar, a wurin da aka san firjinsu ba ya mutuwa, a ɗauko cikin kula, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Babanmu yakan ce araha ba ta ado. A kuma karanta kwalin da kyau: akwai Xgeva, sinadari ɗaya ne amma miligiram 120 ne duk mako 4, na masu ciwon daji ne. Kada wani ya ce a sayi wannan a raba biyu.

Maganar kuɗi kuwa gaskiya ce, kada a raina wa yayan naku. Sai dai in aljihu ya gaza, hanyar ita ce a gaya wa likita tun yanzu ya sauya mata magani, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai bar Prolia dole a bi shi da wani maganin a daidai lokacin da allura ta gaba ta kama, ko ƙwayar alendronate miligiram 70 sau ɗaya a mako, ko ƙarin ruwa na zoledronate, wanda ake sayarwa da sunan Aclasta. Shi miligiram 5 ne cikin ruwa mililita 100, ta jijiya, sau ɗaya a shekara, kuma kada ya shige cikin ƙasa da minti 15, don gudun da aka ba shi shi ke taɓa ƙoda. Ta sha ruwa aƙalla kofi biyu kafin a sa, wannan kam ba na ranar da take azumi ba ne. Kwana uku na farko zazzaɓi da ciwon jiki kan zo, musamman a karon farko, paracetamol ya isa, kada a ruga a ce maleriya ce a hau allurai. Shi yana zama cikin ƙashi shekaru, don haka bayan an yi na farko jinkirin 'yan watanni ba ya cutarwa, har likita kan ba da hutu bayan shekara 3, ko a kai 6 ga wadda haɗarinta ya yi yawa. Akwai kuma Zometa, zoledronate ne mai miligiram 4, shi ma na masu ciwon daji ne.

Inda zoledronate ke da tarko shi ne ƙoda. In tacewarta ta gaza mililita 35 a minti ba a bayarwa sam, ba rabi ba kwata. Kuma lambar kiriyatinin da ke takardar gwaji, wato sinadarin jini da ke nuna aikin ƙoda, kan ruɗi mutane a kan tsohuwa marar nauyi. Ga lissafin mace: a cire shekarunta daga 140, a ninka da nauyinta a kilo, a ninka da 1.04, a raba da kiriyatinin in an rubuta shi da maikiromol. Ɗauki mai shekara 78, kilo 48, kiriyatinin 95. Lambar 95 ba za ta tayar wa kowa hankali ba, amma lissafin zai ba ki kusan 33, ta faɗo ƙasa da iyaka. Kin ga inda shekaru da nauyi ke shigowa, inda maganar Inna ke da gurbi: suna zaɓar mata magani, ba sa tsinka shi.

Sauran alluran a taƙaice, ko za a ambata muku su. Teriparatide maikirogiram 20 ne kullum da alƙalamin allura, yawanci har wata 24, a zaune ake yin na farko saboda jiri, in an manta rana ɗaya ba a haɗa biyu washegari. Romosozumab sirinji biyu ne a zama ɗaya duk wata, miligiram 105 kowanne, wata 12, biyun nan su ne cikakken awo, kuma ba a ba wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan. Ibandronate miligiram 3 ne ta jijiya duk wata 3.

Ki kuma leƙa ledar magungunanta. Tsofaffinmu yanzu duk mai ciwon gwiwa sai a aika yaro kemis ya haɗo, a ciki har da dexamethasone ko prednisolone, a sha wata da watanni, su kuwa suna cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙashi. Ga 'yan mata can suna shan irinsa don su yi ƙiba, garin neman gira a rasa ido. A da tsoho ba ya haɗiyar abu sai babban gida ya san daga ina ya fito, yanzu kowa da likitansa a waya.

Sa bakin da kike tambaya, ni dai a tarbiyyar da aka yi mana suruka ba ta musu da yayan miji a gaban mutane, kuma ban ce ki fara ba. Amma kunya ba ta hana ki zauna da maigidanki cikin dare ki nuna masa katin asibiti da ranar allurar ƙarshe, shi kuma ya roƙi yayansa ya raka Hajiya wajen likita da kansa, ya faɗi matsalar kuɗin da bakinsa, ya ji amsar da kunnensa. In har an riga an makara, a yi ta da zarar an samu, a ƙirga wata shida na gaba daga ranar da aka yi. Ki turo mini shekarunta, nauyinta, da sakamakon kiriyatinin da kalsiyam na ƙarshe kafin su tafi. Ki gaida Hajiya da jiki, ki shafa mini kan yaran.