Lambar yabon kamfani: karramawa ce ko ciniki?

Tambaya: Malam, wani kamfani ya aiko wa shugabar ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu takarda cewa zai karrama ta da lambar yabo ta ayyukan jin ƙai, amma sai mun biya kuɗin teburi da na shafi guda a mujallar taron. Haka ake yi dama? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, ki duba inda kuɗin ya nufa. Idan daga aljihun kamfani yake fita zuwa hannun wanda ake karramawa, to karramawa ce. In kuwa ku za ku zuba, sayar muku da allon katako za a yi, a haɗa da hoto.

Ba laifi ba ne kamfani ya ci riba da irin wannan biki. Sunansa zai shiga jarida, manya za su zauna a teburinsa, jama'a su ce yana da tausayi. Kowa ya san da haka. Abin tambaya shi ne wa ya yi zaɓen, kuma da wane ma'auni.

Ɗauki kyautar Gwarzon Afirka da kamfanin jaridar Daily Trust ya fara bayarwa a 2008. Wanda ya fara samunta shi ne Dakta Denis Mukwege, likitan da ya kafa asibitin Panzi a Bukavu, gabashin Kwango, inda yake yi wa matan da aka yi wa fyaɗe a yaƙi aiki. Sai bayan shekara 10, a 2018, ya samu kyautar Nobel. A 2011 aka ba wa Salifou Fatimata Bazeye, alƙaliyar da ta shugabanci Kotun Tsarin Mulki ta Nijar lokacin da kotun ta taka wa tazarcen shugaban ƙasa Mamadou Tandja burki a 2009, har ya rushe ta. Waɗannan mutane aikinsu ne ya kai su, kuma kwamitin 'yan ƙasashen Afirka daban-daban ne ke zaɓe, ba masu neman talla ba.

Wata alamar da nake girmamawa ita ce a iya cewa "bana babu wanda ya cancanta". Gidauniyar Mo Ibrahim, attajirin da ya kafa kamfanin waya na Celtel, ta yi haka a 2009 da 2010, ta riƙe kyautarta ta dala miliyan 5 da take ba tsofaffin shugabannin ƙasashen Afirka. Mai sayar da lamba ba ya taɓa rasa gwarzo. Sau da yawa ma gwarazan sun fi 'yan kallo yawa a zauren.

Ku rubuta wa kamfanin, ku nemi sunayen 'yan kwamitin zaɓe da na waɗanda aka karrama bara, ku kuma tambaya ko lambar tana nan in ba ku biya ba. Idan suka fara kame-kame, ku bar kuɗin teburin ya tafi kuɗin makarantar marayun.