Kawu, Ba Leburanci Na Koma Ba

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Saƙonka ya iso, har sau biyu na saurare shi ina dariya. Ka ga hotona riƙe da diga, wando duk taɓo, shi ne kake tambaya ko aikin ofis ɗin ne ya ƙare na koma leburanci a ƙasar mutane, in kuwa ba haka ba, nawa ake sallamar mu a yini. Aikina yana nan lafiya lau. Wancan haƙan kuwa ko sisi ba a ba mu. Mu ne ma muke biyan kuɗin ƙungiya duk shekara.

Hanyar keke muke yi a cikin daji. Ba titi ba, 'yar siririyar hanya ce da mutum biyu ba za su jera a kanta ba, ta hau tudu, ta ratsa tsakanin itatuwa, ta gangaro ta kan duwatsu. Na san abin da za ka ce: ƙato da gemunsa da 'ya'yansa yana wasan keke a jeji. To a nan Amurka likita na yi, malamar makaranta na yi, akwai ma wani dattijo a cikinmu da furfura ta gama cinye kansa, amma in aka zo hawan tudu sai dai in hango ƙeyarsa.

Ka ce me ya hana gwamnati ta yi abinta. Amsar tana cikin yadda wasan ya faro. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A 1976 suka fara wata tsere da suka sa wa suna Repack, domin kafin mutum ya kai ƙasa giris ɗin birkinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. Da masu keke suka yi yawa, sai masu yawon ƙafa da mahaya dawaki suka fara ƙorafi, wai ana firgita su, ana kuma lalata hanya. Aka shiga rufe hanyoyi. A 1984 hukumar gandun daji ta ƙasa ta hana keke shiga dazukan da doka ta keɓe. A 1988 ƙungiyoyi biyar na Kalifoniya suka haɗu suka kafa IMBA, ƙungiyar masu hawan keke a daji ta ƙasa da ƙasa, don kare abin da ya rage. Abin da suka gane shi ne, mai daji zai iya korar wanda ya zo da keke kawai, amma da wuya ya kori wanda ya zo da keke da shebur. Dajin da muke hawa ba namu ba ne, na hukuma ne, da yarjejeniya a rubuce muke taɓa ko da dutse ɗaya. Shi ya sa 'yan ƙungiya suke da wani kirari: wanda bai haƙa ba, kar ya hau.

Ranar aiki, galibi Asabar da safe, kowa zai sa hannu a takarda cewa in ya ji ciwo ba zai kai ƙara ba, a rubuta sunansa da awannin da ya yi. Awannin nan ba don ado ake tara su ba, in za a nemi tallafi ana lissafa su a matsayin gudummawarmu. Sai a raba kaya. Ban da baro da shebur, akwai Pulaski, gatari ne ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kamar fartanya, sunan wani ma'aikacin gandun daji ne da ya yi fama da babbar gobarar 1910. Akwai McLeod, manjagara ta gefe ɗaya, faffaɗan baki ta ɗaya gefen, da shi ake daddaɓe ƙasa. Dukansu daga hannun masu kashe gobarar daji muka gada.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ba da ƙasa muke faɗa ba, da ruwa muke yi. Taya ba ta kashe hanya kamar yadda ruwa ke kashe ta. In ka miƙe hanya daga kan tudu zuwa ƙasa, ruwan sama zai ce an yi masa magudana, kafin shekara ta zagayo ta zama kwazazzabo. Don haka ake kwantar da ita ta bi gefen tudun, kuma gangararta ba za ta wuce rabin ta tudun ba. In tudun yana sauka taku 20 a cikin taku 100, hanyar ba za ta wuce 10 ba. Ana ɗan karkatar da bayanta zuwa ɓangaren kwari, kamar kashi 5 cikin 100, yadda ido ba zai lura ba amma ruwa zai lura. Bayan 'yar tafiya kuma a sa ta ta ɗan nutsa ta sake ɗagowa, don ruwan da ya biyo ta ya rasa inda zai ci gaba, ya zube gefe. Mai keke yana jin daɗin wannan hawa da saukar, bai san don ruwa aka yi ba.

Ranar farko na so in nuna ƙwazo. Na ga wani rami da ruwa ya kwanta, na kwaso baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin ganyaye, baro uku, na cike shi, na tsaya ina haki ina jiran yabo. Matar da ke jagorantar mu ta zo, ta sa ƙafa ta danna, takalminta ya nutse har idon sawu. Ba ta ce komai ba. Ta karɓi digata ta fasa gefen hanyar ta ɓangaren kwari, faɗin kamar taku biyu, ta buɗe gorar ruwanta ta tsiyaya a tsakiya. Muka tsaya muna kallon ruwan yana lalube, ya sami ƙofar, ya fice. Sannan ta ce in kwashe abin da na zuba, ruɓaɓɓen ganye ne, ruwa yake riƙewa, in tona ƙasa in nemo jar ƙasar da ke daddaɓuwa. Baro ukun nan da hannuna na mayar da su.

Tun ranar na daina hawa bayan an yi ruwa. Sawun taya ɗaya a ɗanyar hanya, in ya bushe, shi ne ruwa zai bi gobe. Masu kauce wa taɓo su bi gefe kuma su ne ke mayar da siririyar hanya fili.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne masu shiga a ɓoye su gina wurin tsalle ba izini. Yara ne galibi, wasunsu ma gwanaye. Amma in wani ya karye a kai, hukuma ba za ta tambayi wa ya gina ba, ƙungiya za ta kira, wataƙila a rufe wurin gaba ɗaya. Ni dai ina ganin kora ba ta magani. Biyu daga cikinsu da aka jawo ranar aiki, yanzu su ake kira in za a ɗaga gefen hanya a wurin kwana.

Jikanka ma ya fara bi na, shi ke kwashe rassan da aka sare. Asabar mai zuwa za mu sauya katakon wata 'yar gada da ya ruɓe, kowa zai ɗauki falanki a kafaɗa ya shiga da shi, don mota ba ta isa wurin. Zan turo maka hoto, kar ka ce kuma kafinta na koma. A gaida mutan gida.