Amsa ga mai tambaya kan shafen da ya koma rawaya

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka shafa MAPbI3 (perovskite na metilamoniyom, dalma da aidin, wanda ake amfani da shi wajen juya hasken rana zuwa lantarki) a kan gilashi, ya fito baƙi wuluk, bayan kwana uku ya koma ruwan ɗorawa, kana neman sanin ko komawa ga perovskite masu hawa-hawa, wato waɗanda ƙirarsu ke shimfiɗa kan shimfiɗa, zai raba ka da wannan matsala. Zai rage maka ita sosai, amma ba zai kawar da ita ba.

Ni ma na sha wannan a Samaru lokacin da nake digiri na biyu. Samfuran da na haɗa a Janairu, ana tsakiyar hunturu, sun yi makonni a kan tebur ko gezau. Da Agusta ta kama, sinadaran nan dai, hannun nan dai, amma kafin mako ya zagayo sai na ga rawaya ta ɓullo daga bakin gilashin tana ci zuwa tsakiya. Ranar na zauna na yi tagumi, don aikin wata biyu ne.

Rawayar nan PbI2 ce, wato haɗin dalma da aidin da ke saura bayan laima ta rushe shafen. Abin da ke riƙe da metilamoniyom cikin kejin dalma da aidin bai wuce jan caji da ɗaurin haidirojin ba, shi kuwa ruwa gwani ne wajen ƙulla irin wannan ɗauri. Yana kutsawa sai ya kama kan amoniyom ɗin, ya sassauta riƙon. Da farko laimar zama take yi cikin ƙirar, in ka busar da wuri yana iya dawowa baƙi. In ta yi yawa har metilamoniyom ya fice, to shi ke nan.

A masu hawa-hawa, ana jera dogon sinadari irin su butilamoniyom ko PEA (feniletilamoniyom) tsakanin shimfiɗun dalma. Kansa na riƙe da shimfiɗar, jelarsa ta kabon kuwa ba ta ga-maciji da ruwa. Ka tuna katangun ƙasa na cikin birni da magina ke yi wa yaɓen makuba: ruwa ya zubo ya zame, amma cikin ginin ƙasa ce har yanzu. A 2014 ƙungiyar Hemamala Karunadasa a Stanford ta nuna cewa mai PEA ya fi jure laima nesa ba kusa ba, sai dai ingancinsa wajen juya hasken rana zuwa lantarki bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, domin jelar da ke tare ruwa ita ce kuma ke tare caji.

Sannan ka lura da irin da za ka zaɓa cikin masu hawa-hawan, akwai wanda ake kira Ruddlesden-Popper da wanda ake kira Dion-Jacobson. A Ruddlesden-Popper jela biyu ne ke fuskantar juna, riƙon da ke tsakaninsu kuma mai rauni ne. A Dion-Jacobson sinadari ɗaya mai kai biyu ke kama shimfiɗar sama da ta ƙasa. A ganina wannan ya fi ma'ana, ko da yake ba kowane ne ke fin ɗan'uwansa juriya ba. Dukansu dai ta gefe ruwa ke cin su, kuma in ka tsoma su cikin ruwa sun tafi. Waɗanda ke jure ruwa da gaske su ne irin AgSePh, inda kabon ke ɗaure da seleniyom ta hanyar tarayyar lantarki, shi kuma yana kame da azurfa, babu wani abu sako-sako da ruwa zai janye.

Ka samo ma'aunin laima ko ɗan ƙarami ne, ka riƙa rubuta adadin kullum kusa da hoton samfurin. Kada ka kafa hujja da sakamakon hunturu kaɗai, ka maimaita da damina. In silika ɗin tulun ajiyarka ta juye daga shuɗi zuwa ruwan hoda, ka gasa ta kafin ka mayar. Kuma don Allah ruwan da ka wanke gilasan nan kada ka zuba a kwata, dalma ce a ciki, mun kuwa ga abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Ka tara shi a kwalba mai murfi, ka rubuta mata suna.