Hukuncin tare hanya ga waɗanda aka kashe wa dangi

Tambaya: Malam, ni direba ne, ina jigila tsakanin Kaduna da Abuja. Rannan mutanen wani ƙauye suka tare titi bayan 'yan bindiga sun kashe musu mutane, sun kore su daga gidajensu. Mata suna ta kuka, na kasa ganin laifinsu. Amma a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ina cikin masu cewa haramun ne. Shin tausayi yana sauya hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da korarru gidajensu.

Ɗan'uwa, tausayi yana sassauta yadda ake kallon mutum, amma ba ya mayar da cuta ta zama halal.

Wanda aka zalunta yana da damar ɗaga murya. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. A Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya wuce wata mata tana kuka a kan kabari, ya ce ta ji tsoron Allah ta yi haƙuri. Ba ta gane shi ba, ta ce ya ƙyale ta, abin da ya same ta bai same shi ba. Bai tsawata mata ba, ya wuce abinsa. To, wa ya isa ya tsaya gaban uwar da ta binne 'ya'yanta a ƙauyen Tudun Biri na jihar Kaduna, bayan jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a kan taron Maulidi ranar 3 ga Disamba 2023, yana auna mata kalmomi? Wasunmu masu wa'azi sun fi saurin karanta wa talaka ayar haƙuri a kan karanta wa mai mulki ayar amana, kuma wannan rashin adalci ne.

Shi gangami, malamai sun yi saɓani a kansa. Abin da na fi natsuwa da shi, ya halatta idan babu makami, babu ɓarna, kuma ƙorafin ya nufi mai alhaki. Iyayen ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka sace a 2021 har ƙofar Majalisar Tarayya suka kai kukansu. Nan ne muhallinsa.

Toshe titi kuwa bai halatta ba. A layin motocin nan akwai mai naƙuda, akwai marar lafiya, akwai mai tumatir da zai ruɓe, kuma idan dare ya riske su a wannan hanya kai ka fi ni sanin abin da ake gudu. Hadisi ya ce ba cuta ba cutarwa. Wanda ya fasa motar wani zai biya, ko da gawar ɗansa na kwance a gefe. Sai dai babban alhaki yana wuyan wanda aka damƙa wa tsaro ya bar mutane har suka rasa inda za a saurare su sai kan kwalta.

Game da Agusta, ka yi jimla a inda ake buƙatar rarrabewa. Yunwa ma musiba ce, ko da ba a ga gawa ba. Wanda ya fito ya yi kukan tsadar masara daban, wanda ya wawushi dukiya har aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya daban. Hawaye kuma ba hujja ba ne, 'yan'uwan Annabi Yusuf da kuka suka zo wa mahaifinsu. Ka auna taron biyu da mudu ɗaya: me aka yi musu, su kuma me suka yi wa wasu.

Allah ne Mafi sani.